Masu Saka Gem: Sana'ar Da Ta Tsiro A Rumfar Caji

A bakin tasha a Kaura Namoda, ko cikin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ko kan titin da ya ratsa Zurmi, ba a rasa rumfar caji: tebur cike da soket, wayoyi a jere kowace da lambarta a manne, ƙaramin inji yana ta ƙara a baya ko faifan sola a bisa kwano. Sana'a uku ce ke cin abinci a wannan inuwa. Akwai cajin kansa. Akwai turi, wato zuba wa mutum waƙoƙi da wa'azi da fassarar fina-finan Indiya a memori. Ta ukun ita ce auta, kuma ita aka fi rainawa: saka gem.

Wanda ke kallo daga nesa zai ce ai turi da saka gem duk kanwar ja ce, fayil ne ya bar wannan na'ura ya koma waccan. Amma waƙa in an tura ta an gama, sai a biya a tafi. Gem kuwa turawar ce ƙaramin aiki. Sai ya shiga wayar ake sanin ko zai buɗe, in ya buɗe ko fili zai fito kore ko baƙi, ko 'yan wasa za su zo da fuskokinsu, ko ƙwallon za ta gudu yadda ya kamata ko ta riƙa cijewa. Wannan zaman da ake yi da waya bayan turi shi ne saiti, kuma a nan ake gane gwani.

Yaro zai dawo da yamma, waya a hannu, fuska a murtuke. "Oga, wanga gem da kas sa min baƙi ɗai shika nunawa." Mai rumfa ba ya gaggawar karɓar wayar. Tambaya yake fara yi: "Mi kat taɓa, ƙanena?" Amsar kusan kullum ɗaya ce, "Wallahi ban taɓa komi ba," kuma kusan kullum an taɓa. Wani aboki ya ce masa in ya kunna kaza wasan zai ƙara gudu, ko ya share wata jaka don samun wurin ajiye bidiyo.

Tushen wahalar shi ne yawancin wasannin da matasan yankin ke bugawa a waya ba don waya aka ƙera su ba. Na'urar hannu ta kamfanin Sony mai suna PSP ta fito a Japan a ƙarshen 2004, da ɗan allo mai ɗigo 480 a kwance, 272 a tsaye, da ƙwaƙwalwar aiki megabayit 32 kacal. Ita da wayar Android ba yare ɗaya suke ji ba. A Nuwamban 2012 wani ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Rydgård, ya saki manhajar PPSSPP kyauta, wadda ke shiga tsakani kamar tafinta: wasa ya yi magana da yaren PSP, ita ta juya wa waya, waya ta zana abin da ta fahimta. Sau 30 ko 60 ake wannan juyi a kowace daƙiƙa. Duk wanda ya taɓa zama a kotu ko asibitin da ake tafinta ya san kuskure na iya ɓullowa ta wuri uku: mai magana ya faɗi ba daidai ba, ko tafinta ya karkace, ko mai sauraro ne bai ji da kyau ba. To haka abin yake a nan. Ko fayil ɗin wasan ne ya lalace a hanya, ko saitin manhajar ne, ko kuma injin zane na cikin wayar da direbansa. Aikin mai saka gem ya gano wanne ne a cikin ukun, babu na'urar gwaji, babu littafi, daga ido sai abin da ya taɓa gani.

Kunne ma yana aiki. Gwani zai ƙure sautin wayar kafin ya taɓa komai. In allo ya yi baƙi amma ana jin kiɗa da ihun 'yan kallo, wasan yana raye, zanen ne ya ɓata, saiti za a nufa. In babu hoto babu sauti, ko manhajar ta rufe kanta a wuri ɗaya duk sanda aka gwada, zargi ya koma kan fayil: turi ya yanke a tsakiya, ko memorin jabu ce, irin wadda aka rubuta gig 64 a jikinta alhali cikinta bai kai takwas ba. Da wannan ɗan saurare na rabin minti an raba matsalar gida biyu.

Ƙwallo ita ce uwar kasuwa. God of War da Tekken da GTA na da masoyansu, amma da PES ake buɗe shago, da shi ake rufewa. Ga kuma wani abu da yawancin masu bugawa ba su sani ba. PES na ƙarshe da kamfanin Konami ya yi wa PSP da PlayStation 2 shi ne PES 2014, kuma tun 2021 ma kamfanin ya sauya sunan wasan zuwa eFootball. Duk wani "sabon PES na bana" da ke yawo a wayoyin Kaura tsohon wasa ne da aka yi wa kwaskwarima. Wasu matasa ne a Indunisiya da Brazil da nan Najeriya ke zama su sake riguna, su sake sunaye, su zana fuskoki, har Osimhen ya fito da takunkumin fuskarsa cikin rigar Galatasaray a wasan da aka gina tun bai fara buga ƙwallon sana'a ba.

Wannan kwaskwarima kashi uku take zuwa, kuma kowane kashi da irin ciwonsa. Akwai gangar wasan, babban fayil ɗin ISO. Akwai jakar SAVEDATA mai ɗauke da sunayen 'yan wasa da wanda ya koma wane kulob. Akwai jakar TEXTURES mai riguna da fuskoki da ciyawar fili. In sunaye sababbi ne amma riguna na shekaru goma baya, ko fuska ta fito fara sol ba ido ba hanci, jakar hotunan ce ba ta zauna inda manhajar ke nemanta ba, ko ba a kunna maɓallin musanya hotuna ba. In riguna sababbi ne amma Messi na Barcelona har yanzu, jakar sunayen ce ta faɗa wani lungu. Tun da Android 11 ya fito a 2020 ya ƙuntata wa manhajoji shiga jakunkunan juna, wannan ya zama ruwan dare. Rabin aikin yini na iya ƙarewa a cikin manhajar ZArchiver ana kwashe jaka daga nan ana kai ta can.

Akwai kuma maganin da duk yaron shago ya haddace tun kafin ya san dalilinsa. Wasu daga cikin waɗannan PES ba sa buɗewa sam, sai allo ya tsaya baƙi, har sai an shiga saiti an mayar da harshen manhajar zuwa Español. Masu kwaskwarimar a kan fayilolin wannan harshe suka yi aikinsu, in wasan ya nemi na wani harshen sai ya tarar da abin da bai dace da sauran ba. Shi ya sa za ka ga yaron garin Badarawa da bai taɓa jin kalmar Sifaniyanci ko ɗaya a bakin mutum ba yana ratsa shafukan saiti da wannan harshe ba tare da ya yi tuntuɓe ba, ya san na ukun daga sama shi ne sauti, na farko shi ne zane.

Saitin zanen kansa ba shi da maɓallai da yawa, amma kowanne ciniki ne, a ba ka nan a karɓe can. Akwai wanda ke sa manhajar ta tsallake zanen da wasa ke yi a ɓoye kafin ya nuna hoto. Kunna shi na ƙara wa ƙaramar waya gudu, shi ya sa yara ke rububinsa, amma wasan da ya dogara da wannan zanen ɓoye sai ya rasa inuwa, ko taswira, ko ya koma baƙi ƙirin gaba ɗaya. Akwai na ninka kyan hoto. Mai waya na ganin "4x" sai ransa ya biya, bai san ninki huɗu a kwance da huɗu a tsaye ninki 16 ke nan ba: daga ɗigo dubu 130 da ɗoriya zuwa sama da miliyan biyu a kowane hoto. Akwai na tsallake hotuna, wanda ke gyara sauti mai kakarewa amma ya sa ɗan wasa ya riƙa ɓacewa a nan yana ɓullowa a can. Sai babban zaɓi tsakanin hanyoyin zane biyu, tsohuwar OpenGL da Vulkan da ta fito a 2016. A wata wayar Vulkan ta fi sauri da tsabta, a wata kuwa ita ce ke sa allo ƙyaftawa da launuka su cakuɗe.

Ka'idar gwanaye a nan ɗaya ce, kuma ita ce na fi girmamawa a sana'ar: abu ɗaya ake canzawa, a gwada, a mayar in bai yi ba, sannan a taɓa na gaba. Sabon shiga zai latsa biyar a lokaci guda. In ya yi sa'a wasan ya gyaru, bai san wanne ya gyara shi ba, gobe in an kawo masa irin matsalar sai ya sake lalube daga farko.

Me ya sa waya da waya ke bambanta haka? Nan ne sana'ar ta samo dalilin wanzuwarta. Kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen, mai Tecno da Infinix da itel, kuma a kasuwannin Zamfara su ne a hannun kowa. Yawancinsu da ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc suke zuwa, injin zanensu Mali ko PowerVR. Su kuwa masu ƙera waɗannan manhajoji, da masu yin bidiyon koyarwa a YouTube, galibi wayoyi masu Snapdragon ne a hannunsu, injin zanensu Adreno. Saitin da aka nuna a bidiyo yana gudu sumul, yaro ya kwafe shi tsaf a Tecno Spark ɗinsa, ya ga abin da bai yi kama da na bidiyon ba. Abin da ke aiki a kan Helio G85, da abin da ke kashe wasa a kan PowerVR, ba a cika rubuta shi a wuri ɗaya ba. Yana cikin kawunan mutanen da irin waɗannan wayoyi ke ratsa hannunsu safe da yamma. Shi ya sa tambayar gwani ta biyu, bayan "me ka taɓa", ita ce a juya bayan wayar a ga samfurinta.

Abin ya fi tsanani ga masu kwaɗayin wasannin da suka fi PSP nauyi. AetherSX2, mai kawo wasannin PlayStation 2 a Android, ta fito a ƙarshen 2021, mai ita ya dakatar da aikin a Janairun 2023 saboda cin zarafi da barazanar da ya ce yana fuskanta daga masu amfani da ita, aka bar ta da kurakuran da ba a gyara ba. Sai Winlator da ta ɓullo a 2023, mai ƙoƙarin buɗe wasannin Windows a waya. A cikinta hawa uku ake bi: Box64 ya juya umarnin ƙwaƙwalwar kwamfuta zuwa na waya, Wine da aka fara tun 1993 ya tsaya a madadin Windows, DXVK ya juya zanen DirectX zuwa Vulkan. Direban Turnip da ya fi iya ɗaukar wannan kaya na Adreno ne kaɗai. Ƙari a kan haka, wasannin Windows na matse hotunansu ta wata hanya da injin Mali a yawancin wayoyi bai iya warwarewa ba, sai gini da titi su fito baƙaƙe ko cikin launuka barkatai. Mai saka gem na kirki zai gaya wa yaro gaskiya tun kafin ya cinye masa gig goma: "Wagga waya ba ta ɗaukar shi, bari in sa maka na PSP." Mai son kuɗi zai tura, ya karɓa, ya ce gobe a dawo a yi saiti.

Kafin waya akwai gidan gem, kuma har yau yana nan: ɗaki ko shagon kwano, benci biyu, talabijin uku ko huɗu, kowace da PlayStation a ƙarƙashi, ana buga wanda aka ci ya biya. Sony ta daina ƙera PlayStation 2 a farkon 2013 bayan ta sayar da sama da miliyan 150, amma ragowarsu na shigowa ta kasuwar Alaba a Legas su gangaro Kano da Gusau. Idon karanta faifai shi ke fara mutuwa, ƙurar hunturu ba ta barinsa, don haka kusan kowace an sa mata manhajar Free McBoot a katin ajiya, ana loda wasa daga filash ta manhajar OPL. Wannan ma da nasa ciwon. Bakin USB na PlayStation 2 tsohon yayi ne mai jan ƙafa, shi ya sa bidiyon buɗe wasa ke kakarewa alhali wasan kansa lafiya lau. Wanda bai sani ba zai ɓata yini yana neman gyaran abin da ba shi da gyara. Filash mai tsarin FAT32 kuma ba ta karɓar fayil da ya wuce gig huɗu, sai an daddatsa shi da manhajar USBUtil.

Tsofaffin masu gidan gem sun fi tuna ciwon launi. Talabijin ɗin Najeriya a tsarin PAL suke, irin na Ingila, wasannin Amurka da Japan kuwa NTSC ne. Sa wasan Amurka a tsohuwar talabijin mai ƙusumbi, sai hoto ya fito fari da baƙi, wani lokaci yana mirginawa daga ƙasa zuwa sama. Yau da aka koma talabijin mai faɗi da ɗan akwatin juya hoto zuwa HDMI, ciwon ya sake kama: in saitin fitar da hoto na cikin na'urar bai dace da abin da akwatin ke nema ba, allo sai ya yi shiru ko ya rine. Gwani zai gyara shi a makance, yana ƙirga latsawa a fad ba tare da yana ganin komai ba.

Kwamfuta kuwa kasuwarta a Kaura take, albarkacin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a garin a 1983. Ɗalibi zai sayo laftof ta hannu daga titin Beirut a Kano, HP EliteBook ko Dell Latitude da ta yi shekara goma a wani ofis a Turai, don rubuta furojet, amma ba a kwana biyu sai ya nemi GTA San Andreas ko Need for Speed Most Wanted ko IGI. Waɗannan wasanni akwai na Windows ɗinsu, sai dai Windows ɗin zamanin 2000 zuwa 2005, kuma na yanzu ya manta da yawa daga al'adunsu. Mai sauƙin ciki shi ne saƙon cewa wani fayil na d3dx9 ya ɓata, wanda ake magancewa da saka tsohon kunshin DirectX na Yunin 2010. GTA Vice City kan ƙi buɗewa yana cewa bai sami allo mai 640 da 480 ba, ko ya nemi DirectPlay, wanda yana nan cikin Windows amma a kashe. Wasannin da suka girme su, masu launi 256 irin su Age of Empires, sun shahara da rinewa a Windows 7, ruwa da ciyawa su koma ja da shunayya, domin fuskar Windows na ƙwace musu jadawalin launi. Maganin da aka daɗe ana yi shi ne a kashe explorer.exe kafin a buɗe wasan. Ga masu taurin kai irin IGI akwai dgVoodoo2, 'yan fayiloli da ake zubawa a jakar wasan su juya tsohon zane zuwa DirectX 11. DXVK kuwa, duk da sunan da ya yi, ba ya aiki a laftof mai injin zane Intel HD 4000 a kan Windows, domin ba ta da Vulkan, kuma irin waɗannan laftof ɗin ne suka cika hannun ɗalibai.

Wani ciwon gudu ne ke kawo shi. An gina GTA na wancan zamani a kan hoto kusan 30 a daƙiƙa, kuma lissafin motsi a ɗaure yake da wannan adadi. Ɗalibi ya cire takunkumin gudu don hoto ya yi santsi, sai ninƙaya ta yi nauyi a San Andreas, mota ta ƙi ja da baya yadda ya kamata a Vice City. Zai rantse kwamfutar ce ta gaza, alhali ƙarfi ne ya yi mata yawa.

Labarin da ya fi nuna zurfin abin ya faru ne a 2025. Bayan sabuntawar Windows 11 mai lamba 24H2, masu buga San Andreas suka lura wani ƙaramin jirgi mai sauka a ruwa, Skimmer, ya ɓace daga wasan, wanda kuma ya tilasta kiransa sai a cilla shi sama nisan da ba ya ƙirguwa. Kowa ya ɗora laifi a kan Windows. Wani mai gyaran tsofaffin wasanni da aka sani da laƙabin Silent ya bi diddigi ya gano kuskuren na cikin wasan tun fitowarsa a kwamfuta a 2005. A Vice City an rubuta Skimmer a sahun jiragen ruwa, da aka mayar da shi sahun jiragen sama a San Andreas sai aka manta ba a cike masa lambobin girman taya ba. Shekara kusan 20 wasan na tsintar lambar da motar da ke gabansa a jeri ta bari a ƙwaƙwalwa yana amfani da ita, kuma ta yi daidai. Ranar da sabon Windows ya fara rubutu a wannan gurbi, asiri ya tonu. Layi ɗaya aka gyara a fayil ɗin ababen hawa. Mai rumfa a Shinkafi ba shi da kayan bin diddigi irin wannan, amma tambayar da yake yi ita ce dai: me ya canza tsakanin jiya da yau?

Ban da fayil da saiti da injin zane, akwai kuma wuri na huɗu da laifi ke fitowa, wanda babu saitin da ke kai gare shi. A watan Afrilu zafi a arewacin Zamfara kan haura maki 40, a ƙarƙashin kwano ya fi haka. Wasan da ya fara lafiya ya soma nauyi bayan minti 15, wannan zafi ne, waya ce ke rage wa kanta gudu don kada ta ƙone, musamman in ana buga ta tana jone da caji. Laftof da ke fitar da ɗige-ɗige da layuka masu launi a kowane wasa, har a fuskar Windows, ta wuce hannun mai saiti. Sai mai gyara ya buɗe ta, ya busa ƙurar fanka, ya sake man da ke kan ƙwaƙwalwa, in kuma injin zanen ya riga ya tafi, shi ke nan. Kayan gyara daga Farm Centre a Kano suke zuwa ta Gusau, kuma hanyar Kaura zuwa Shinkafi ko Zurmi ba ta biyuwa yadda aka ga dama a shekarun nan na 'yan bindiga.

Rashin tsaron ne ma ya taɓa nuna darajar sana'ar. A farkon Satumban 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe layukansu a duk faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, a daidai lokacin da aka rufe kasuwannin mako aka kuma hana sayar da fetur a jarka. An dawo da layi a Gusau ranar 1 ga Oktoba, sauran ƙananan hukumomi sai wajen ƙarshen Nuwamba. Kusan wata uku waya a Kaura da Zurmi da Shinkafi ba ta kira ba ta shiga intanet. Abin da ya rage mata shi ne abin da ke cikinta da abin da maƙwabciyarta za ta ba ta ta manhajar Xender. Wasan PSP ba ya neman data. Wanda ke da rumbun ajiya cike da fayiloli, kuma saitin na cikin kansa ba a YouTube ba, shi ne ya iya ci gaba da aiki, in ya sami abin da zai kunna inji. Masu sola sun sha da sauƙi, kuma bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, lissafi ya ƙara karkata wajensu.

Ba a shiga sana'ar da takarda. Yaro ne ke fara zama a bencin gidan gem yana kallo, a aike shi sayen fetur, a bar masa karɓar kuɗi, wata rana maigida ba ya nan talabijin ta rine ya gyara. Iyaye da malamai da yawa ba sa kallon wurin da mutunci, kuma ba duk ƙorafinsu ne banza ba: akwai yaran da ke gudun makaranta, akwai inda wanda aka ci ya biya ke rikiɗa ya zama caca. Akwai kuma batun da masu sana'ar ba sa son tayarwa. Manhajojin kansu halal ne, kyauta masu su suka sake su, amma fayilolin wasannin kwafi ne da ba a biya masu su ko kwabo ba, kuma shafukan da ake sauke su cike suke da tarko. "Sabon PES" da ya zo a matsayin manhajar sakawa, yana neman izinin karanta saƙonnin waya, ba wasa ba ne, kuma a wayar da ake karɓar kuɗi ta banki wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Mai rumfar da ya san aikinsa a tsohuwar wayar shago yake fara gwada duk sabon fayil.

Abin da ya fi ba ni haushi a madadinsu shi ne yadda ake biya. Kuɗin turi ake bayarwa, gwargwadon girman fayil ko yawan wasanni. Saiti, wanda shi ne ilimin, kyauta ake ɗaukarsa, haƙƙin wanda ya riga ya saya. Mutum zai zauna minti 40 a kan wayar wani yana neman dalilin da ya sa mai tsaron gida ba shi da kai, a ƙarshe a ce masa "Allah shi saka" a wuce. Fayil ɗin kuwa da ya bar shagon ya zama na gari, yaro ɗaya ya saya, ajinsu duka su samu ta Xender, sannan su biyo layi ɗaya bayan ɗaya a gyara musu, kowa da irin wayarsa.

Saboda haka gwanayen suka koyi rage wa kansu dawowar ciniki. Kafin su miƙa waya sai su kashe sabuntawa ta kai tsaye a Play Store, domin manhajar da ta sabunta kanta cikin dare na iya sauya inda take neman jaka ko ta daina jituwa da tsohuwar kwaskwarima. A rumbunsu za ka tarar da PPSSPP iri huɗu ko biyar, tsoho da sabo, kowanne an ajiye shi don wasu wayoyi. Wasu kan ɗauki hoton shafin saiti su bar wa mai waya a cikin hotunansa, don in ya taɓa ya iya mayarwa da kansa. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba, da an rufe kasuwar sayen 'yan wasa a Turai, sababbin fayiloli ke fitowa, a sauke su da dare lokacin da data ta fi araha, a gwada su a kan itel da Tecno da Infinix kafin ranar kasuwa.